Ɗan gurup da babban inji: abin da ke faruwa idan an kunna su tare

Shekara huɗu ke nan ina riƙe wa kawuna littafin motocinsa a nan Tahoua, wato ni ke rubuta man da aka sha, da kuɗin hanya, da abin da gareji ya ci. Motocin uku ne, ɗaya kuwa ta fita daban: kan tirela ce ƙirar Amurka mai dogon hanci, wadda aka sayo ta hannu ta Najeriya, tana da ɗakin kwana a bayan kujerar direba. A jikin shasinta, ta ɓangaren dama, an ɗaure wani akwatin ƙarfe wanda bai wuce girman adakar amarya ba, kuma a cikinsa akwai ƙaramin injin dizal mai silinda biyu, da altanatonsa na cajin batir, da kwamfaresarsa ta sanyi. Masu ƙera shi APU suke ce masa, ma'ana injin taimako, amma direbanmu tun ranar farko ya raɗa masa suna ɗan gurup, wato ɗan janareta, sunan kuwa ya bi shi har cikin littafina. A tashar manyan motoci ta garin nan ba kasafai ake ganin irinsa ba, shi ya sa da magana ta taso a kansa a bazarar da ta wuce sai da muka sha tambaya kafin mu kama bakin zaren. Maganar ita ce ko ya halatta a kunna shi tare da babban inji, musamman mota tana tafiya.

Sai an san abin da ya sa aka ƙirƙiro shi sannan za a gane inda muka kauce. A Amurka dokar direbobin dogon zango ta ce wanda ya yi tuƙin awa 11 dole ya huta awa 10, kuma galibinsu a cikin motar suke kwana, a ƙasar da sanyinta ke daskarar da ruwa, zafinta ma ba na wasa ba ne. Shekara da shekaru abin da suke yi shi ne su bar babban inji yana ralanti, wato yana aiki mota tana tsaye, har gari ya waye, domin ya ba su ɗumi ko sanyi. Cibiyar bincike ta Argonne, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar makamashi ta ƙasar, ta ƙiyasta cewa irin wannan mota tana yin kusan awa 1,800 a shekara a tsaye injinta yana aiki, tana ƙona wajen lita 3 na gazuwal a kowace awa, alhali ƙaramin injin lita 1 ko ƙasa da haka ta ishe shi. Jihar Kalifoniya ta hana a bar babban inji yana ralanti fiye da minti 5, gwamnatin tarayyarsu kuma a shekarar 2005 ta yarda a ɗaga wa motar da ke ɗauke da wannan na'ura ƙafa a kan sikeli da kusan kilo 180, aka ƙara zuwa kusan kilo 250 a 2012, domin kada nauyin akwatin ya rage wa mai mota lodi. Ashe dai tun asali canji aka yi shi ya yi: babba ya kwanta, ƙarami ya tashi, kamar yadda mai gadin dare ke karɓar na rana.

Mu a nan direbobinmu sun saba shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, amma duk wanda ya kwana a Gaya da damina ya san abin da sauro ke yi wa mai tabarma. Tun kuma da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, zaman jira ya zama rabin aikin direba, mota ta yi kwanaki a wuri ɗaya ba ta motsa ba. A irin wannan zaman ɗan gurup rahama ne, kuma ban taɓa jin ciwon man da ya sha a can ba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai agogonsa ne. Ƙaramin injin ba ya ƙirga kilomita, awoyi yake ƙirgawa, kuma na saba duk lokacin da mota ta dawo in leƙa in rubuta abin da agogon ya nuna. Zuwa Yamai da dawowa, tafiyar kilomita kusan 550 kowane ɓangare, da kwana biyu ko uku na jiran saukewa da ɗaukar wani lodin, na san iyakar abin da agogon ke ƙarawa. A watan Afrilu sai na ga ya ninka. Na duba shafin mai, nan ma akwai giɓi, ba babba ba, amma yana maimaituwa tafiya bayan tafiya. Ba zan ɓoye ba, zargin da ya fara zuwa mini shi ne wanda ke zuwa wa duk mai riƙe littafi, wato ana zuƙar mai a hanya ana sayarwa, kuma na ji kunyar kaina, domin direban nan yana tare da kawuna tun ban iya tafiya ba. Abin da ya wanke shi tun kafin in buɗe baki shi ne lissafin kansa: da na ninka awoyin da suka ƙaru da lita ɗaya ɗaya, sai ga giɓin ya cike kusan daidai. Man bai fita daga motar ba, a cikinta ya ƙone.

Na same shi da la'asar a gindin dogonyaron da ke bakin gareji, yana fifita gawayin shayi. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ɗan gurup ɗin nan kwana kawai yake yi yana aiki, ko har da wuni?" Ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, kai kana zaune ƙarƙashin fanka da biro a hannu. Kilim ɗin gaba, mai sanyaya wurin tuƙi, ya mutu mako uku ke nan, na gaya wa Alhaji sau biyu, ya ce a bari a dawo. Tsakanin Dogon Dutsi da Dosso da azahar sitiyari ba ya taɓuwa, ƙarfen ƙofa kuwa sai ka naɗe hannu da rawani. Ga sanyi a bayana, in bar shi in mutu?" Dabarar da ya yi ita ce ya yaye labulen da ya raba ɗakin kwana da wurin tuƙi, ya kunna ɗan gurup, iskar da ke fitowa daga ƙarƙashin gado ta riƙa buso masa ƙeya. Ba ta sanyaya gaban motar sosai, tun da ba don nan aka yi ta ba, amma a ranar da zafi ya haura digiri 43 ko rabin sanyi ma abin godiya ne. Ban iya ce masa komai ba, domin a littafina akwai ranar da ya kawo ƙarar kilim ɗin, da hannuna na rubuta, kuma babu abin da na rubuta a gabanta.

Da labari ya kai kunnen kawuna sai hankalinsa ya tashi, ba don mai ba. Cewa ya yi taura biyu ba ta taunuwa, wuta biyu za su yi karo a cikin batir, wata rana mota ta kama da wuta a tsakiyar daji da simintin mutane a bayanta. Kusan duk wanda muka tambaya a tasha haka ya ce, wasu har da rantsuwa sun ga an yi. Daga bisani aka kwatanta mana wani dattijo mai gyaran wutar mota, wanda ya yi shekaru yana aiki a kan motocin Amurka a Sakkwato da Kano kafin ya dawo gida, shi kuwa bai yi musu da kowa ba, mitarsa ya ɗauko. Ya ɗora ta a kan batura, ya sa aka kunna babban inji shi kaɗai, mita ta nuna bolt 13.9. Aka kashe, aka kunna ɗan gurup, ta nuna 14.2. Sannan ya ce a kunna su duka biyu, kawuna ya ja da baya taku uku, mita kuwa ta tsaya a 14.2 ba ta ko girgiza ba.

Bayanin da ya yi mana shi ne, kowane altanato yana da ɗan abin da ke daidaita masa ƙarfin wuta, wanda ke duba batir ya ga ko ya kai matsayin da aka saita masa, in bai kai ba ya ƙara, in ya kai ya sassauta. Idan biyu suka haɗu a kan batura ɗaya, wanda saitinsa ya fi sama shi ke ɗaukar aikin, ɗayan kuma sai ya ga ai batir ya cika ya koma yana juyawa a banza. Wuta ba ta komawa da baya ta shiga cikin ɗan'uwansa, domin a cikin kowannensu akwai diyod da ke barin wuta ta fita amma ba ta shiga ba. Saboda haka karon da ake tsoro babu shi, muddin wayoyi lafiyarsu ƙalau kuma an ɗaure su tamau. Sai dai dattijon ya ce in kawo hannuna kusa da altanaton ɗan gurup, bayan ya kunna fitilu da fankoki duka, na kuwa ji zafi yana dukan tafina tun ban taɓa ba. A motarmu ƙaramin ne saitinsa ya fi sama, don haka shi ke jan kayan wutar motar gaba ɗaya har iyakar ƙarfinsa, sai ya gaza sannan babban ya tallafa. Mako uku ke nan jaki yana ɗaukar kayan raƙumi, raƙumin yana biye da shi ba komai a bayansa. Wannan ba ya ƙona mota, amma yana rage wa ƙaramin kwana, kuma shi ne dalilin da ya sa fitilar batir ke ɗan ƙyaftawa a gaban direba, abin da shi ya ɗauka wasan waya ne.

Inda dattijon ya daɗe, har ya kwanta a kan kwali ya shige ƙarƙashin mota da tocila, shi ne wajen ruwa, kuma a nan ne na gane cewa ba a amsa tambayar nan daga nesa. Waɗannan na'urori kashi biyu ne. Akwai wanda ruwansa nasa ne shi kaɗai, da lagiretonsa da ɗan tankinsa, babu abin da ya haɗa shi da babban inji. Akwai kuma wanda aka jawo masa tiyo biyu daga jikin babban injin, suna shan ruwa ɗaya, kuma da gangan aka yi haka, domin a ƙasar ƙanƙara zafin ƙaramin ya riƙa zagayawa cikin babban duk dare, da safe ya tashi ba gardama. Namu irin na biyun ne. Ya nuna mini tiyon biyu, baƙaƙe, sun bi gefen shasi sun shige bayan injin, kowanne da bawul ɗinsa na tagulla a bakinsa. A Tahoua, ko a tsakiyar hunturu, babu daren da injin dizal mai lafiya zai ƙi tashi saboda sanyi, don haka amfanin wannan haɗin bai biyo motar zuwa nan ba, illarsa ce kawai ta biyo ta.

Illar kuwa ga yadda take. Idan babban inji yana kwance, famfon ƙaramin yana tura ruwa cikin wannan ƙaton ƙarfe mai sanyi, ruwan ya huce ya dawo. Da zarar babban ya tashi ya ɗauki hanya da lodi, ruwansa yana kaiwa wajen digiri 85 zuwa 95, kuma famfonsa ya ninka na ƙaramin ƙarfi nesa ba kusa ba, sai ya zama ruwan da ke shigo wa ɗan gurup ya riga ya yi zafi tun kafin ya fara nasa aikin. Ɗan lagireton da ke jikin akwatin ba a yi shi don ya huce zafin inji mai jan tan 30 a hawan dutse ba. In kuma wanda ya ɗaura tiyon ya juya su, famfunan biyu sai su riƙa tura ruwa suna fuskantar juna, gudun ruwan ya ragu a daidai inda aka fi bukatarsa. Abin da ke ceton ƙaramin injin shi ne makashin da aka sa masa, wanda ke kashe shi da kansa idan zafi ya wuce kima. Da dattijon ya faɗi haka sai direbanmu ya gyara zama, ya ce lallai sau da yawa yana mutuwa da kansa wajen ƙarfe biyu na rana, sai ya jira kaɗan ya sake tayar da shi. Wato injin yana kuka yana cewa a bar shi, ana ɗauka rigima ce.

Akwai abin da ya fi wannan tsoratar da ni, kuma ba shi da alaƙa da ko an kunna ƙaramin ko ba a kunna ba. Tun da ruwansu ɗaya, in tiyo ɗaya daga cikin biyun nan ya fashe a hanya, ruwan babban inji ne zai tsiyaye, kuma tiyon sun bi ta inda duwatsu ke tsalle daga tayoyi. Wanda bai sani ba zai ce to a rufe bawul ɗin a huta, amma in aka rufe su aka manta aka kunna ɗan gurup, ruwansa ba shi da inda zai zagaya, cikin ɗan lokaci zai tafasa. Rufe bawul sai an fara ba shi nasa tankin da nasa zagayen.

Sai ƙura. Akwatin yana ƙasa, kusa da tayoyi, kuma daga nan yake shaƙar iska. Mota tana tsaye, iskar da yake sha ita ce wadda kowa ke sha a wurin. Mota tana tafiya kuwa, musamman a hanyar Abalak zuwa Agadez inda kwalta ta cinye direbobi suka koma bin gefe, cikin gajimaren ƙurar tayoyin kansa yake numfashi. Da dattijon ya zaro filtar iskar ya ɗan buga ta a jikin taya, jar ƙasa ta zubo ta yi tsibi kamar an juye kwanon garin barkono, kuma da ya ɗaga ta ya saita ta da rana ko ɗigon haske bai ratsa ba. Bayan akwatin, ragar da ke huce iskar gas ɗin sanyi ita ma ta toshe da ƙura da ƙaiƙayi, abin da ke sa kwamfaresa ta yi ta wahala sanyi kuma ya ragu. Injin da filtarsa ta toshe yana ƙara shan mai yana baƙin hayaƙi, in kuma ta yage ƙasa ta shiga silinda, to sai dai a fara maganar sabon fistin. Juyen baƙin mansa ma da awoyi ake lissafa shi, ga shi mun cinye awoyin mako shida cikin mako uku ba tare da kowa ya lura lokacin juye ya matso ba.

Lissafin kuɗi ba shi da tsawo. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sauke litar gazuwal daga sefa 668 zuwa 618, kuma da wannan farashin, daren awa 10 a kan babban inji ya kai wajen jikka 18 da rabi (jikka ɗaya sefa dubu ce), a kan ɗan gurup kuwa jikka 6 da 'yan kai. Wanda ya bar su duka biyu suna aiki mota tana tsaye, kamar yadda na ga yaron motarmu ya yi a layin lodi a Malbaza don kawai ya manta, ya haɗa wa kansa kusan jikka 25 a aikin da jikka 6 za ta yi. A tafiya kuma, duk awa ɗaya lita ɗaya ce ta ƙaru a kan abin da babban inji zai bayar kusan kyauta in kilim ɗinsa na aiki. Da na tara na mako ukun, na ƙara da filta da juye da ladan dattijo, sai na ga mun doshi kuɗin gyaran da aka ce a bari a dawo. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, kuma ba direba ne ya yi gudun ba.

Abin da ya rage shi ne yadda aka yi ma na'urar ta yarda ta tashi mota tana tafiya. Manyan masu ƙera ta, irin su Thermo King da ke sa injin Yanmar a nasu, da Carrier da ke sa na Kubota, sun san direbobi za su manta, shi ya sa a kan haɗa wata siririyar waya daga makullin mota zuwa ƙwaƙwalwar na'urar, ta yadda da an murɗa makulli sai ƙaramin ya kashe kansa ya koma jira. Dattijon ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙarƙashin gado, ya zaro wata 'yar waya da aka datse aka naɗe bakinta da baƙin salatif, salatif ɗin har ya bushe yana marmashewa. Wani ne can baya, a wata ƙasa ko a wani gareji da ba mu sani ba, ya yanke ta, wataƙila shi ma kilim ɗinsa ne ya mutu. Wannan ita ce matsalar kayan hannu: takardar kamfani tana faɗin yadda aka ƙera abu, ba ta faɗin hannu nawa ya bi ta kansa. Duk wanda ya ce maka ai irin wannan yana kashe kansa da kansa, ko ya ce ai ruwansa daban ne, ka tambaye shi ko ya shiga ƙarƙashin taka motar.

Ban fito daga wannan bincike da ra'ayin cewa haɗa su haramun ne ba. Akwai lokutan da shi ne daidai. Idan batura suka yi sanyi bayan doguwar tsayuwa, a kunna ƙaramin ya yi rabin awa ko awa ɗaya yana cajin su, sannan a tayar da babban yana kan aiki, 'yan mintocin da za su yi tare ba sa ɓata komai. Abin da ya kamata a sani kawai shi ne ba altanaton ƙaramin ke juya sitata ba, baturan ne, saboda sitata tana jan ɗaruruwan amfiya a lokaci ɗaya, don haka gaggawa ba ta da amfani. Idan kuma altanaton babban inji ya mutu da dare tsakanin Ƙonni da Tahoua, ɗan gurup zai iya riƙe fitilu da ƙwaƙwalwar injin har a iso gari, kuma a yanayin hanyoyinmu na yanzu ba ni da bakin ce wa direba ya kwana a daji don tausayin altanato. Haka ranar da kilim ya mutu a tsakiyar tafiya, mutum ya ƙarasa da abin da yake da shi, domin direban da zafi ya galabaitar ya fi kowace na'ura haɗari a kan hanya. Bambancin yana ga tsawon lokaci: na awa biyu ceto ne, na mako uku kuwa ɓoye cuta ne, tun da muddin sanyi yana zuwa daga baya babu wanda zai matsa a gyara na gaba.

Direbanmu bai sallama da sauƙi ba. Ya kawo hujjar motocin kifi da kaji masu sanyi, waɗanda injin firjinsu ke ruri tun daga bakin teku har Yamai babban inji ma yana aiki, ya ce me ya sa su ba a ce musu komai. Hujja ce mai kyau, amsarta kuma ita ce ta ƙara fayyace mini batun. Injin firjin tirela yana can sama a goshin akwatin kaya, nesa da ƙurar tayoyi, yana da tankin mansa da batir ɗinsa da ruwansa, kuma tun farko don tafiya aka ƙera shi. Maƙwabcin babban inji ne, kowa da ƙofar gidansa. Ɗan gurup kuwa ɗaki ɗaya suke kwana, tanki ɗaya, batura ɗaya, a motarmu har ruwa ɗaya. Akwai ma wani nau'in na'urar da ba shi da inji sam, tarin batura ne da ke ba da sanyi da dare su cika da rana, shi wannan tafiyar babban inji ce abincinsa, tambayar ba ta shafe shi ba.

Tun da labarin ya bazu a tasha mutum biyu sun zo suna tambayata inda za su samo irin akwatin su ɗaura wa motocinsu, kuma abin da na fara tambayarsu shi ne ƙirar motar. Motocin Amurka a kan bolt 12 suke, amma Mercedes da DAF da Renault da MAN da suka cika hanyoyinmu, har da Howo ta Sin, a kan bolt 24 suke, batura biyu a jere. Wanda ya ɗauko na bolt 12 ya jona shi a kan batir ɗaya daga cikin biyun, ɗayan zai cika ɗayan ya rame, cikin 'yan watanni ya sayi sababbi biyu. Irin na Carrier mai janareta kuma wutar gidan Amurka yake bayarwa, bolt 120, alhali butar shayi da fankar da ake sayarwa a kasuwarmu na 220 ne.

Mu dai abin da muka yi shi ne, dattijon ya mayar da wayar da aka yanke, amma bisa roƙon direba ya sa mata makunni mai murfi a gefen gado, wanda sai an ɗaga murfin da niyya sannan ɗan gurup zai yarda ya tashi makulli yana kunne, kuma muka yi alkawari duk ranar da aka ɗaga shi za a gaya mini dalili in rubuta. Ya raba ruwan, ya toshe bakin tiyon biyu a jikin babban inji, ya ɗaura wa ƙaramin ɗan tankin ruwa da ya ciro daga wata matacciyar mota a bayan garejinsa. An canza filta, an yi juye, an wanke ragar da iskar famfo. Kwamfaresar kilim ɗin gaba kuwa sai daga Kano aka samo ta, ta iso ta Ƙonni bayan kwana tara, kuma a kwanakin nan tara motar ba ta fita ba, domin da kawuna ya ce a yi tafiya ɗaya kafin ta iso, direban ya miƙa masa makulli ya ce, "Alhaji, bismilla, ni zan zauna a baya wajen gado." Tun daga lokacin sau ɗaya aka ɗaga murfin, a watan Agusta, da fambel ɗin altanato ya tsinke bayan an wuce Badagishiri da dare, kuma agogon ya nuna awa ɗaya da rabi.